Bindiga mai baki uku ko huɗu: aiki take yi ko ado ce?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Na ga hotunan wasu tsofaffin bindigogin farauta na Turai, wata baki uku a jere, wata huɗu, har da mai bakwai. Mu dai mai baki biyu muka sani. Waɗannan an taɓa farauta da su da gaske, ko maƙera ne kawai ke nuna gwaninta don masu kuɗi su rataye a bango?"

Malam, duka biyun akwai, kuma kafin a yanke wa kowace hukunci sai an tambayi dalilin da ya sa aka ƙara mata bakin. Maƙeran Turai sun ƙara baki ne saboda buƙatu biyu da ba su haɗa hanya ba. Wasu suna neman yawan harbi kafin a sake ɗuri. Wasu kuma suna neman bindiga guda da za ta yi harbi iri biyu, watsattsen harsashi na tsuntsu da dunƙulallen harsashi na babbar dabba. Na farkon sun zuba basira mai ban mamaki, amma hanyarsu ba ta ɓulle ba. Na biyun har gobe ana ƙera irin tasu a Jamus da Ostiriya, ana kuma shiga daji da ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya ga tushen matsalar da idonsa. Mutum ya harba sau ɗaya, sai ya dasa gindin bindiga a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya gyara wurin kama wuta, sannan ya sake ɗagawa. A filin hawa wannan jinkiri ba ya cutar da kowa. A daji kuwa, kafin ka gama tsuntsun ya yi nisa. Turawa ma da haka suka yi ta fama har tsakiyar ƙarni na 19, kuma maganin da ya fi saurin zuwa wa maƙeri a rai shi ne ya haɗa bututu da bututu, kowanne da nasa ɗurin.

Mai baki bakwai da ka gani, mai yiwuwa irin ta Nock ce. James Wilson ne ya kawo tsarin a 1779, maƙerin Landan Henry Nock ya ƙera, rundunar jiragen ruwan Ingila ta sayi 500 a 1780. Bututu ɗaya a tsakiya, shida kewaye da shi, an huda ƙananan kafofi daga na tsakiyar zuwa sauran, ta yadda ƙyastawa ɗaya ke tayar da duka bakwai lokaci guda. An so mai harbi ya hau can saman jirgi ya yi wa abokan gaba ruwan dalma. Da aka fara amfani da ita sai aka ga tana dukan kafaɗa har takan gurɗe ta ko ta karya ƙashi, wutar bakinta kuma tana neman kama manyan yadudduka da iska ke tura jirgin da su. Ga shi cikin hayaƙi da ruɗani mutum ba ya sanin wane baki ne ya tashi, wane ne ya ƙi, sai ya ƙara ɗuri a kan ɗuri. A 1804 aka janye ta. Duk da haka attajirai mafarauta sun yi sha'awarta. Kanar Thomas Thornton har mai baki 14 aka ƙera masa, bakwai a dama bakwai a hagu, tana gidan tarihin makamai na Liège a Beljiyam. A garin ne kuma Henri Pieper ya fitar da mai baki bakwai ta ƙananan harsasai .22 a ƙarshen ƙarni na 19, don harbin dinya. Wannan jinsin ba zan tsaya a kansa ba. Bakwai-bakwai bakunansu suke tashi a lokaci guda, kuma bututu guda mai faɗi da ke watsa 'ya'yan dalma ya fi su sauƙin ɗauka da sauƙin ɗuri.

Waɗanda suka cancanci a zauna a kansu su ne na Ingila da Sikotland daga shekarun 1880. A lokacin manyan masu ƙasa sun rungumi farautar kora: maharba su tsaya a layi, masu kora su taso tsuntsaye garke-garke su bi ta kansu da gudu. Yawan abin da ake kashewa ya wuce hankali. Lord Walsingham shi kaɗai ya harbo 1,070 a rana ɗaya, 30 ga Agusta 1888, a tsaunin Blubberhouse, wani tsuntsu ne mai kama da makwarwa. Lord Ripon kuwa lissafin da aka ajiye masa daga 1867 zuwa 1923 ya kai 556,813. Ni wannan ɓarna ce a wurina, amma ita ta haifar da kasuwar. Garke ya taso, ka harbi biyu a gaba, ka juya ga sauran suna wucewa ta bayanka, bindiga babu komai. Mutumin da ke cikin wannan hali zai biya ko nawa ne don a ba shi harbi na uku.

Kamfanin Charles Lancaster na Landan, a hannun Henry Thorn, ya amsa da baki huɗu, biyu sama biyu ƙasa, a farkon shekarun 1880. Dabarar Thorn ita ce allurar bugun harsashi guda ɗaya da ke juyawa: duk jan kunama sai ta yi rubu'in zagaye ta koma kan baki na gaba. Abin ya rage yawan kayan ciki, amma yatsanka ne ke juya allurar yana kuma ɗana sifirin, don haka jan ya yi tsawo ya yi nauyi. A ƙaramar bindigar hannu wannan ba laifi ba ne, shi ya sa hafsoshin Ingila suka sayi ta Lancaster mai baki huɗu suka tafi da ita Indiya da yaƙin Sudan, don ba ta da ratar da yashi zai shiga, tana kuma cin babban harsashi. A harbin tsuntsu mai gudu kuwa, kunama mai nauyi tana janye bakin daga kan abin da ka auna.

John Dickson & Son na Edinbara sun bi wata hanya, baki uku a jere, sun yi wa tsarin rajista a 1882. Abin da ya ba su dama shi ne duk kayan harbin bindigarsu a kan farantin kunama suke zaune, ta ƙasa, don haka akwai wurin jera saiti uku ba tare da an cinye jikin ƙarfen ba. Maharbi yana auna ta kan bakin tsakiya. Kaɗan ƙwarai suka ƙera. A Landan John Robertson na Boss & Co, wanda ya yi wa kunamarsa guda mai harba baki biyu rajista a 1894, ya ƙera mai baki uku a jere da kunama ɗaya tak, ja uku harbi uku. Shi kam nuna wa duniya yake yi cewa kunamarsa ba ta ruɗewa, kuma a nan zarginka na nuna gwaninta ya faɗa daidai. Edwinson Green na Cheltenham ya tara nasa ukun ne biyu a ƙasa ɗaya a sama, don a rage faɗi.

Za ka lura yawancin irin waɗannan ƙananan baki gare su, lamba 16 ko 20. Lambar tana nufin yawan dunƙulen dalma masu cika bakin da za a samu daga laba ɗaya, saboda haka lamba 12 ta fi 20 faɗi: ta farko kimanin milimita 18.5, ta biyun 15.6. Ka jera lamba 12 guda uku, tafin hannunka ba zai rufe su ba.

Ainihin gwanintar hoto ba ya nuna ta. Mutane suna kallon furanni da ganyayen da aka sassaƙa a jikin ƙarfe su yi ta yabo, ni kuwa shi ne na ƙarshe da nake dubawa. Abin da ke cinye wa maƙeri makonni shi ne sa bakunan su zuba harbinsu wuri ɗaya. Ko a mai baki biyu bututun ba a miƙe suke gefe da gefe ba kamar yadda ido ke gani, suna ɗan karkatowa juna ta gaba. Bututun dama yana gefen layin tsakiyar bindiga, idan ya tashi yakan fizgi bakin zuwa dama tun harsashi bai fita ba, na hagu kuma ya fizga hagu. Sai an karkato su gwargwadon da zai kashe wannan fizgar, har harbin biyu ya haɗu a wajen yadi 40, inda Turawan Ingila ke auna watsuwar dalma cikin da'ira mai faɗin inci 30.

Yadda ake yi shi ne a ɗaure bututun da waya, a cusa 'yan guntayen ƙarfe tsakaninsu, a liƙe da narkakkiyar kuza da dalma, a je a harbi faffaɗan farantin ƙarfe da aka shafe da farar ƙasa, a karanta tabon. In bai yi ba a dawo, a ɗumama liƙin ya saki, a matsa guntun ƙarfen da ɗan abin da ido ba ya gani, a sake liƙewa, a sake komawa. To ka ƙara baki na uku. Zafin da ka sa don gyara na dama yana tausasa liƙin na hagu da ka riga ka gama. A mai uku a jere bakunan gefe sun fi nisa da tsakiya, fizgarsu ta fi ƙarfi. A mai huɗu kuwa kana daidaita dama da hagu, kana daidaita sama da ƙasa, duk a jiki ɗaya. Babu injin da ke yin wannan a zamanin. Ido ne da hannu da haƙuri, kuma duk sanda na riƙe irin wannan bindiga na leƙa ta cikin bakunanta, mutumin da ya yi wannan zirga-zirga nake tunawa, wanda galibi ko sunansa ba ya jikin ƙarfen.

Haɗa bututun da jikin bindiga ma haka yake. Maƙeri yana kunna 'yar fitila mai hayaƙi, ya baƙanta fuskar ƙarfen, ya rufe bindigar ya buɗe. Inda baƙin ya goge, nan ƙarfe ke taɓa ƙarfe fiye da kima, sai ya sa magagari ya ɗebe kaɗan, ya sake baƙantawa. Haka zai yi ta yi har fuskar gaba ɗaya ta zauna daidai, ko siririyar takarda ba ta shiga. Yawan baki yana faɗaɗa fuskar da za a zaunar. Mai ƙota shi ma yana shan tasa wahalar, domin kowane ƙarin sifirin da guduma sai an rarake masa wuri a cikin itacen, a daidai wuyan da ke karɓar dukan harbi. Shi ya sa tsagewar ƙota a wannan wurin ta zama ruwan dare a tsofaffin masu baki da yawa.

Sai nauyi, wanda shi ne babban abin da ya kayar da su. W. W. Greener na Birmingham yana da ƙa'ida cewa bindiga ta ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Giram 28 na dalma ke nan yana son bindiga mai kilo 2.7, kuma kyakkyawar mai baki biyu ta Ingila ba ta cika wuce kilo uku ba. Don mai uku ko huɗu ta kusanci wannan, sai an goge kowane bututu da hannu har bangonsa ya yi siriri, alhali masu sana'ar suna ɗaukar duk abin da ya gaza rabin milimita a matsayin wanda ya ƙare. Ko an yi hakan, ƙarin ƙarfen a gaba yake taruwa, kan hannun hagu. Harbin tsuntsu a sama bin sa ake yi da baki, a wuce shi kaɗan, a ja kunama ba tare da an tsaya ba. Bindigar da gabanta ya yi nauyi tana tashi a makare, in ta tashi kuma ba ta son tsayawa, kamar kana bin tsuntsu da taɓarya. Ga zafi: bututun da ke tsakiyar 'yan'uwansa ba ya shan iska.

Masu kuɗin da aka ƙera wa su ma sun riga sun sami mafita mafi sauƙi. Sukan sayi bindigogi biyu ko uku iri ɗaya sak, su tsayar da mai ɗuri a bayansu: a harba biyu, a miƙa, a karɓi cikakkiya. Da bindigogi uku na kamfanin Purdey da masu ɗuri Lord Ripon ya yi nasa aikin. Talaka kuma Amurka ta kawo masa tasa: Spencer mai famfo, wadda ake ja da tura mariƙin gabanta a sake ɗuri, a 1882, Winchester ta 1897, sai Auto-5 ta John Browning da aka fara ƙerawa a Beljiyam a farkon shekarun 1900, harbi biyar daga bututu ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Daga sama da ƙasa an rufe wa mai baki uku kasuwa. Har yanzu akan gwada, kamar kamfanin Chiappa da ya fitar da mai baki uku a shekarun 2010, sai dai masu sha'awa ne ke saye.

Labarin Jamus daban ne. Bayan juyin juya halin 1848 haƙƙin farauta ya fita daga hannun sarakuna ya koma kan mallakar ƙasa, aka wayi gari mutum yana da yankin dajinsa ko yana haya, yana zagaya shi da ƙafa. A fita ɗaya zomo na iya tashi a gabansa, ko makwarwa, ko ya hango barewa a bakin gona, ko aladen daji ya fito daga ƙurmi. Bai san wanda zai gamu da shi ba, kuma ba shi da mai riƙe masa bindiga ta biyu. Wannan mutumin aka ƙera wa abin da Jamusawa ke kira Drilling: bakin watsi biyu a sama, bakin raifil ɗaya, na dunƙulallen harsashi, a ƙasa. Peter Oberhammer na Munik ya yi wa tsarin rajista a 1878, garuruwan Suhl a Jamus da Ferlach a Ostiriya, waɗanda ke ƙira tun ƙarni na 16, suka mayar da ita sana'arsu. Kamfanonin Sauer da Merkel da Krieghoff duk daga Suhl suka tashi.

Ka riƙe tsohuwar Drilling ka ga yadda aka yi tunanin mai tafiya a daji. Kunamu biyu ne. A yadda take, ta gaba tana harba bakin dama, ta baya na hagu. Ka tura wani ɗan maɓalli a wuyan ƙota da babban yatsa, sai kunamar gaba ta koma kan raifil, a lokaci guda ɗan ƙarfen auna nesa ya miƙe tsaye a kan bututu. Ka tura kunamar gaba ɗin zuwa gaba har ta ce ƙas, ta zama mai tashi da ɗan taɓi, don harbin nesa. Da yawa suna da ɗan akwati a ƙarƙashin ƙota mai ɗaukar harsasan raifil uku ko huɗu, da ƙugiyoyin da ake ɗora madubin hangen nesa a cire shi ba tare da saitin ya gushe ba. Yawanci lamba 16 ce a sama, a ƙasa kuma raifil mai cin harsashin da ake kira 9.3x72R ko 8x57JR, daga baya 7x57R da 7x65R, duk a nauyin da bai fi kilo uku da 'yan kai ba. Kowane baki a nan yana yin aikin da ɗan'uwansa ba zai iya ba, shi ya sa nauyinsa bai zama asara ba.

Tana da nata aibin. Bakin raifil a liƙe yake da na sama, in ka harba sau biyu ko uku a jere sai ya yi zafi ya miƙe, na sama suna sanyi suna riƙe shi, sai ya lanƙwasa kaɗan harbin ya riƙa hawa sama. Bindigar harbi ɗaya ce mai kyau, ko biyu, sannan a bar ta ta huce. A harbin tsuntsu ma ba ta kai mai baki biyu ta Ingila sauƙin juyi ba. Mafaraucin Jamus ya san haka ya kuma yarda, domin abin da yake nema kada dabba ta fito ya rasa abin da ya dace da ita. Rundunar saman Jamus ta yi wannan lissafin a yaƙin duniya na biyu, ta sa Sauer ya ƙera Drilling mai suna M30 a 1941 da 1942, bakin lamba 12 biyu da raifil 9.3x74R, kimanin 2,500, a cikin akwatin alminiyam, don matuƙin da jirginsa ya faɗi a Arewacin Afirka. Akwai mai huɗu ma, Vierling, wadda ake ƙara wa ƙaramin raifil, amma a ganina daga nan an fara komawa gidan nuna gwaninta. Da za a ajiye mini Dickson da tsohuwar Drilling ta Suhl, Dickson zan fi daɗewa ina kallo, Drilling zan rataya in shiga daji.

In har irin wannan ta zo hannunka ko hannun wani naka, kada a yi gaggawar harba ta. A cire bututun a rataye shi da zare a ƙwanƙwasa da ɗan yatsa: lafiyayye yana amo mai tsawo, wanda liƙinsa ya saki yana ƙara a dushe, kuma inda liƙi ya saki ruwa ya shiga, tsatsa na cin bangon daga wurin da ba a gani. A duba tambarin gwaji a ƙarƙashin bututun. Birmingham tana da gidan gwaji tun 1813, Jamus ta kafa dokarta a 1891, kuma tambarin ne zai faɗa maka ko an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi ko da baƙin albarushi kaɗai. Bututun Damaskas, wanda aka murɗa ƙarfe iri biyu aka ƙera har zane ya fito a jikinsa, yawancinsa na baƙin albarushi ne. Tsawon ɗakin harsashin tsofaffin kuma yawanci milimita 65 ne, na yau 70 ko fiye. Harsashin yau zai shiga ya rufu lafiya, sai an harba kwanson ya rasa wurin buɗewa matsi ya ƙaru. A Drilling a kula da 8x57: mai alamar JR ya fi mai JRS ƙanƙantar baki, kuma sa na biyun a cikin na farkon haɗari ne. Kada a kai ta wurin mai walda, kada kuma a tsoma bututun a tafasasshen ruwan baƙanta ƙarfe irin na bindigogin zamani, domin yana cin liƙin kuza, bakunan da aka sha wahalar daidaitawa su rabu. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a mallaki bindigar farauta, don haka a fara da hukumar 'yan sanda kafin a yi maganar saye ko shigowa da ita.